Jinkirin Abla Awatif

Shekara ashirin da bakwai Abla Awatif ta yi tana tsaye a hannun daman Dakta Ra'uf tana miƙa masa kayan aiki. Cibiyarmu ta aikin ido ce, a hawa na uku na wani tsohon bene a Mansura ta ƙasar Masar, kuma ba ma kwantar da kowa. Majinyaci zai zo da safe, a cire masa yanar ido, a sa masa ƙwayar roba a madadin tasa, kafin la'asar 'ya'yansa sun riƙo hannunsa sun sauka da shi. Ranar Talata da Alhamis mukan yi wa mutum talatin, yawancinsu tsofaffi daga ƙauyuka.

Ni sunana Narmin. Nas ce ni, amma an ɗauke ni daga ɗakin tiyata an ajiye a ofishin takardu, wai don na iya kwamfuta. Gaskiyar magana bakina ne ba ya shiru, Dakta kuwa ba ya son surutu a kansa yana aiki. Ban ji haushi ba, a ofis akwai kujera da fanka.

Abla 'yar wani ƙauye ce a hayin kogi, bayan Talkha. Mahaifinta gyaran injin ban ruwa yake yi. Tana da shekara goma sha biyar aka kai ta makarantar nas, ta fito ta fara aiki a wani asibitin gwamnati, kuma a can ta ga abin da bai taɓa fita daga ranta ba. Wata abokiyar aikinta ta ce wa likita, a gaban majinyaci, ba wannan allurar ba ce. Gaskiya ta faɗa. Aka canza allurar, majinyacin ya warke. Bayan mako guda aka tura yarinyar wani ɗakin shan magani da sai an hau mota uku kafin a kai.

"Ba wanda ya ce ta yi ƙarya," in ji Abla duk lokacin da ta ba mu labarin. "Cewa aka yi ba ta da tarbiyya."

Mijinta direban bas ne, ya rasu a hatsari a hanyar Alƙahira ya bar ta da ɗansu Tamir da ƙanwarsa, dukansu ba su gama firamare ba. A shekarar Dakta Ra'uf ya buɗe cibiya, ya ɗauke ta. Shi ya yi wa mahaifiyarta aikin ido biyu. Shi ya zauna a wurin uba ranar ɗaurin auren 'yarta. Mu Abla muke ce mata, wato yaya, shi kuwa Umm Tamir yake kiranta, wato uwar Tamir, kamar yadda ake kiran macen da ake girmamawa. Wanda duk ya taɓa Dakta a gabanta ya taɓo wa kansa. Takan ce ta ci gurasa da gishiri a gidan mutumin nan, daga nan kuma an rufe magana.

Kowane ido da lambar ƙwayarsa. Ana aunawa tun kafin ranar aiki a rubuta a kati. Dakta ya saba ya kalli katin sau ɗaya, ya riƙe lambar a ka, ya kira ta idan lokacin sa ƙwaya ya yi. Da ƙuruciyarsa ba ya kuskure. Da shekaru suka ja, sai lambar mutumin da aka fitar ta riƙa maƙale masa a baki. Zai ce ashirin da ɗaya, alhali kati ya ce ashirin da huɗu, ya miƙo hannu ba tare da ya ɗaga ido daga madubin aiki ba.

Abin da Abla ke yi shi ne ta ƙi sa komai a hannun. Ba ta magana, ba ta ko gyaran murya. Sai ta hau jujjuya almakasai a faranti kamar mai neman wani abu da ya ɓace. Hannun Dakta a buɗe, daƙiƙa biyar, daƙiƙa goma. Sai ya ɗago ya yi ɗan tsaki, idonsa ya sauka a kan katin, don tun da safe ta liƙa shi daidai inda idonsa zai sauka. Ya ce, "Ashirin da huɗu za ku kawo." Aiki ya ci gaba, ba a ci fuskar kowa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin nan ya san da wannan, amma ba mu taɓa zancensa ba ko a tsakaninmu. Littafin rubuta kurakurai yana nan a durowata fari fat tun ranar da aka sayo shi.

Matsalar ita ce Abla ta kusa cika sittin, gwiwoyinta kuma sun daɗe da yi mata gardama. Saura wata huɗu ta yi ritaya. Wadda za ta gaje ta Insaf ce, nas mai shekara goma sha biyu a aiki, uwar 'ya'ya huɗu, wadda a kasuwa ba mai kifin da ke iya ja da ita. Abla ta yi wata biyu tana koya mata jinkirin nan a ɓoye.

"Ki ƙirga zuwa goma a zuciyarki, shi ke nan."

"Abla, wallahi ina ƙirgawa. Amma in ya miƙo hannun nan, nawa hannun ba ya shawara da ni."

"Ke da kike kora mijinki waje da tsintsiya?"

"Mijina ba Dakta ba ne."

Wata Alhamis Abla ta tafi a yi mata allura a gwiwa, Insaf ta tsaya a wurinta. Aka shigo da wani manomi, Am Bayumi. Dakta ya kira lambar da ba ita ba, Insaf ta gani, hannunta ya miƙa. Bayan mako guda tsohon ya dawo yana cewa hazo-hazo yake gani. Aka ce masa sai ya haɗa da tabarau mai kauri. Ya yi godiya, ya yi ta sa wa Dakta albarka, har ya kawo kwandon gwaiba daga gonarsa. Abla ta buɗe fayil ɗinsa, ta haɗa lambar kati da 'yar takardar da ake ɓallewa daga kwalin ƙwaya a liƙa, ta rufe. Kowa ya ci gwaibar ban da ita da Insaf.

A tsakiyar wannan ne takardar tambayoyi ta zo. Dakta yana neman shaidar inganci daga hukuma, cikin sharuɗɗan kuma akwai a auna ko ma'aikata suna da bakin magana idan suka ga abin da zai cutar da majinyaci. Tambaya talatin da 'yan kai, kowace da akwati biyar, daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda ƙwarai". Aikin ya faɗo kaina. Ni kuwa da wayona sai na raba takardun a teburin karin kumallo, don a nan ne kaɗai ake samun mu ma'aikata goma sha huɗu a wuri ɗaya. An shimfiɗa jarida, ga ful, dafaffen wake, ga ta'amiya, ƙosanmu, Dakta yana tsaye a bakin ƙofa da kofin shayinsa.

Am Shahata mai shara ya juya takardar gaba da baya ya ce, "'Yata, wane akwati ne ba ya ɓata wa kowa rai?"

Na nuna masa na ƙarshe.

"To ki ja mini layi daga sama har ƙasa, hannuna da mai."

"Ku yi sauri da biron nan," in ji Insaf, "ɗaya ne ke yawo, wake kuma yana hucewa."

Cikin minti goma aka gama. Dakta ma ya cike tasa a tsaye. Abla kaɗai ta ninke tata ta sa a aljihu, ta ce ta manta tabaraunta a gida. A wuyanta kuwa yake rataye.

Sakamako ya fito ɗari bisa ɗari. Na aika ina jin daɗi. Kwana uku sai ga wayar Dakta Mirfat, matar da hukuma ta ba kula da mu.

"Mis Narmin, mala'iku kuke ɗauka aiki a can?"

"A'a, ya Dakta, 'yan Mansura ne."

"To a sake. Kowa ya cike tasa shi kaɗai, ya jefa a akwati mai kwaɗo, mabuɗi a hannuna. Kuma ba a kan abinci ba, na ƙirga takarda bakwai da tabon man ta'amiya."

Aka sake. Bayan mako biyu ta zo ta buɗe akwatin, ta bar ni in shigar da amsoshin a kwamfuta in kuma buga abin da mutane suka rubuta a filin ƙarshe, don a karanta a taro. Takardun ba suna, amma suna tambayar irin aikinka da shekarunka a wurin. Masu fiye da shekara ashirin a cibiyarmu mutum biyu ne. Wanda ya tsara takardar nan bai taɓa aiki a wurin da kowa ya san rubutun kowa ba.

Ta Abla na fara gani. A tambayar ko ma'aikaci zai iya gaya wa na sama da shi ya yi kuskure, ta zaɓi "ban yarda ba sam". A tambayar sau nawa a shekarar nan aka tare kuskure kafin ya kai ga majinyaci, ta rubuta goma sha ɗaya. A ƙasa, da ƙananan haruffanta, ta ce: "Sau tara lambar ƙwaya, sau biyu idon da ba shi ba. Ban taɓa faɗa da baki ba, jinkirta miƙa kaya nake yi har a duba kati. Ranar da ba na nan an sa wa wani ƙwayar da ba tasa ba. Na kusa barin aiki. A sa doka, a riƙa karanta suna da ido da lamba da ƙarfi kafin a taɓa kowa."

Takarda uku a ƙasa sai ga ta Dakta. Ya yarda ƙwarai da komai. Kuskuren da aka tare, sifili. A filin ƙarshe ya rubuta: "Ba mu da matsala sai ɗaya. Ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatanmu hannunta ya yi nauyi a 'yan shekarun nan, takan jinkirta miƙa kaya. Ina haƙuri da ita saboda amanarta, kuma ba na so kowa ya yi mata magana har ta tafi da mutuncinta."

Duk tsawon shekarun nan mun ɗauka ya sani. Ashe shi a wurinsa, yana jiran tsohuwa ta gama lalube ne, idonsa ya faɗa kan kati, ya gyara kansa da kansa, ya manta kafin a shigo da na gaba.

Na kira Abla ofis na rufe ƙofa.

"Abla, abin da kika rubuta za a karanta shi a gaban kowa. Ba sai an faɗi suna ba."

"Ai don a karanta na rubuta."

"Zan iya mantawa da shi. Kwamfuta takan cinye abu."

"Narmin, 'yata, kwana nawa na yi da takardar nan a aljihu? Kin ɗauka ban yi tunani ba? Insaf ba za ta iya ba, kuma ba laifinta ba ne. Na tafi na bar mutum talatin duk Talata a hannun wa?"

"Dakta fa?"

"Zai ji zafi kwana biyu. Amma ba sabon labari ba ne a wurinsa. Ya sani, na sani, shiru kawai muka yi wa juna."

"Idan bai sani ba fa?"

Ta yi dariya, ta dafa tebur ta miƙe. "Mutumin da ke ganin abin da bai kai gashi kauri ba a cikin ido? Ke dai yi aikinki."

Takardarsa tana ƙarƙashin gwiwar hannuna. Ba ni da ikon nuna mata, an yi wa kowa alkawarin sirri. Amma ina da ikon mantawa da tasa, kamar yadda na yi mata tayin mantawa da tata, ban kuwa yi ba. Haushinsa nake ji. Na so ya ji yadda haƙurin nasa zai fito idan aka ajiye shi kusa da goma sha ɗayanta. Har na sa tasa a gaba da tata da gangan. Wannan shi ne abin da na yi, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Aka yi taron a ɗakin jira bayan majinyacin ƙarshe ya sauka. Dakta Mirfat ta nuna alƙaluma. Wannan karon ba ɗari ba ne, mutum tara cikin goma sha huɗu sun ce ba za su iya yi wa na sama da su gyara ba. Dakta ya ɗan ɗaga gira ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya yana murmushi, irin na uban da ya ji 'ya'yansa sun kai ƙararsa wurin maƙwabci. Sannan aka ce in karanta rubuce-rubucen. Wani ya yi ƙorafin na'urar sanyaya ɗaki, wani na safar hannu da ba sa shiga. Sai na karanta ta Dakta.

Kowa ya sunkuyar da kai. Abla ba ta sunkuyar ba. Ta juya ta kalle shi, bakinta ya ɗan buɗe, sannan ta kalli hannuwanta a kan cinyarta. A nan ta gane. Na ga ta ɗago tana nemana da ido, ina jin so take in tsaya, amma na riga na fara layin farko na tata, Dakta Mirfat kuma tana riƙe da kwafi. Na karanta har ƙarshe.

Dakta ya cire tabaraunsa ya riƙe a hannu.

"Sau goma sha ɗaya, ya Umm Tamir?"

"Dakta," in ji Dakta Mirfat, "takardun nan ba su da suna."

Ko kallonta bai yi ba.

"A bana, ya Dakta," in ji Abla.

"A bana." Ya maimaita a hankali. "Bara fa?"

"Ban ƙirga ba."

"Kuma duk sun sani?" Ya kalli Insaf, ya kalle ni, ya kalli har Am Shahata da ke jingine da bango.

"Na ɗauka ka sani," in ji Abla. "Wallahi na ɗauka ka sani."

"Ni kuma na ɗauka tsufa ne ya kama ki." Ya mayar da tabaraun. "Wane ne mutumin da aka sa wa ba tasa ba?"

Insaf ce ta amsa. "Am Bayumi. Mai gwaiba."

"A kira 'ya'yansa gobe." Ya miƙe, ya gode wa Dakta Mirfat, ya shiga ofishinsa ya rufe.

A yi wa mutum adalci, duk abin da ya kamata ya yi ya yi shi. Da bakinsa ya gaya wa Am Bayumi da 'ya'yansa abin da ya faru, ya canza masa ƙwayar. Ya sa hannu a dokar karantawa. Tun daga Talatar da ta biyo baya ba a taɓa ido sai nas ta karanta suna da ido da lamba kowa yana ji, likita ya maimaita. Makon farko Insaf tana karantawa kamar mai neman gafara, zuwa wata guda har a ɗakin jira ana jiyo ta. Littafin durowata ya fara cika. Kafin shekara ta fita Dakta ya bar wa wani ƙaramin likita ɗakin tiyata, ya koma duba marasa lafiya kawai. Mun samu shaidar ingancin, tana nan a rataye a bango.

Amma daga ranar taron bai sake ce mata Umm Tamir ba. Mis Awatif ta koma, kamar kowace nas. Bai taɓa yi mata faɗa ba, bai sha mata mur ba. Yakan amsa gaisuwarta da kyau, ya ce na gode duk lokacin da ta sa masa abu a hannu, shi da shekara ashirin da bakwai bai ga dalilin yi mata godiya a kan almakashi ba. Sauran watanninta haka ta ƙarasa su. Ranar da muka yi mata walimar bankwana ya aiko da agogon bango da kati, ya ce yana da taro a Iskandariya.

Da ƙaramar sallah ta zo, sai ta gasa kahak, biskit ɗin sallah, ta cika gwangwani ta hau mota daga ƙauyensu zuwa gidansa, kamar yadda ashe take yi duk shekara. Matarsa ce ta buɗe ƙofa. Ta rungume ta, ta tambayi Tamir da jikoki, sannan ta ce Dakta yana hutawa. Daga inda Abla take tsaye tana jiyo muryarsa a falo yana wasa da jikansa. Ba a ce ta shigo ba, ita ma ba ta miƙa gwangwanin ba.

Gidana ba nisa, sai ta biyo. Na ba ta kujera na ɗora shayi. Na fara ba ta labarin cibiya, na ce a wata uku karantawar nan ta tare lamba huɗu, ba ma daga bakin Dakta ba, daga bakin sabon likitan. Na ce mata ta yi daidai.

"Ki daina ce mini na yi daidai, Narmin. Na sani. Ko yau aka sake ba ni takardar, abin da zan rubuta ke nan." Ta shafa gwiwarta. "Ba shi ke damuna ba. Mutumin nan shekara da shekaru yana rufa mini asiri a kan laifin da ban yi ba, ko sau ɗaya bai ɗaga mini murya ba, har ya rubuta kada a yi mini magana. Ni kuwa na ƙirga masa nasa ɗaya bayan ɗaya, aka karanta a gaban mai shara."

Na so in gaya mata ni na jera takardun haka. Na buɗe baki, sai ta riga ni.

"Da na same shi shi kaɗai a ofis tun shekara biyar da suka wuce, na ce ya Dakta, ga abin da ke faruwa. Minti biyu zai ɗauka. Ban iya ba."

Ba ta sha shayin ba. Ta ajiye mini gwangwanin a kan tebur ta ce in ba yara, ta ɗauki jakarta, ta sauka benen a hankali tana riƙe da ƙarfe, ni kuma na tsaya a sama ban faɗa mata ba.